Na Samo wa Hafsa Bitamin Ɗinta

Daren Laraba, Ƙofar Durbi

Alhamdu lillahi, yau dai na samo shi! Barci ma ya ƙi zuwa don murna.

Tun da likita ta ce cikin 'yata Hafsa ba ya ɗaukar alkama muka raba ta da burodi da taliya, gudawar ta tsaya. Amma ta rame, sai idanu. Aka ce a haɗa mata da bitamin na yara marar gulutin, sinadarin nan na alkama. Babu kemis ɗin da ban leƙa ba. Wani har dariya ya yi mini, wai, "Hajiya, magani ai ba fanke ba ne."

Da la'asar na biya wani ƙaramin kemis a Ƙofar Kwaya sayen maganin tari, na tambaya don dai kada in ce ban tambaya ba. Matar ta ɗago kai ta ce, "Allah sarki, ke ma? Autana haka yake." Ta miƙo kwalba, ta nuna mini inda aka rubuta. Nan take na tura wa likita hoton, ta ce a fara ba ta. Saura kaɗan in rungume baiwar Allahn nan. Har cincin na garin shinkafa ta koya mini.

Bayan magariba Hafsa ta tauna guda, ta dubi yayyenta ta ce, "Umma, wannan nawa ne ni kaɗai ko?" Na ce naki ne. Kullum ita ake hanawa a gidan nan. Yau ita ta hana.