Majanyin Hawan Gawo

Birnin Tsaba, Talata

Hamma Nuraddeen,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Ƙaura? Inna na gaishe ka. Tunda sabis ya ƙaurace wa ƙauyenmu, ga takarda ta hannun Armiya'u mai babur.

Hamma, Baffa zai kashe kansa. Daji ya ƙi shiguwa saboda ɓarayin shanu, shanu na nan tsugune bakin gari, ba abin da suke ci sai ganyen gawo. Kullum shi ke hawa ya saro musu, da gwiwar nan tasa mai ciwo. Jiya ƙafarsa ta zame ya rataye da hannu ɗaya, gatari ya faɗo gaban Inna. Da ya sauko wai ƙotar gatarin ce ta tsufa. Wallahi tsoro nake ji. Kai da kake lilo jikin tankunan ruwa kana fenti, aiko masa da abin nan da kuke ɗaurawa.

Ƙanwarka,
Salima

Ƙauran Namoda, Jumma'a

Salima,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Ga igiya da majanyin da muke zama a ciki. A rataya igiyar a reshe mai rai. Mai hawa ya zauna cikin majanyin, ya bi ƙarƙashin cinyoyinsa da hammatarsa. Dole wani ya tsaya ƙasa, ya naɗa igiyar jikin kututture, yana ja in ana hawa, yana saki a hankali in ana sauka. Wajen sauka aka fi faɗuwa, don haka a fara koyo a gajeren itace. Ki lallaɓa Baffa, ban da bakin nan naki.

A gaida Inna. Na bar ku lafiya.
Nuraddeen

Birnin Tsaba, Laraba

Hamma,

Gaisuwa mai yawa. Na lallaɓa, har da durƙuso. Baffa ya ɗaga majanyin da bakin sanda ya ce, “Ni za a goya? Tun uwarku na tallan nono nake hawan gawo.”

To, ni na ɗauka. A bedin bayan gida nake koyo, Inna na riƙe da igiya. Hawa kam wasan yara ne. Amma ranar farko da na zo sauka sai na ƙanƙame igiyar, na yi ta juyawa kamar mazari, na dira kan ƙwaryar kindirmo. Inna ta yi dariya har da hawaye. Yanzu na gane: ka jingina baya, ka kafa ƙafafu jikin itace, ka saki hannu, ka bar wa na ƙasa sauran. Wando nake sawa ƙarƙashin zane, kafin ka tambaya. Ranar kasuwa, in Baffa ya fita, zan hau gawo.

Sai na ji ka,
Salima

Ƙauran Namoda, Asabar

Salima,

Bayan gaisuwa. Ba ke na aiko wa ba! Gawo ba bedi ba ne, ga tsawo ga ƙaya. Ki jira in zo.

Yayanki,
Nuraddeen

Birnin Tsaba, Alhamis

Hamma,

Barka da war haka. Takardarka ta iso bayan aikin gama ya gama.

Na hau, na saro ganye har shanu sunka bar kuka. Ina can bisa sai ga Baffa, ashe bai yi nisa ba. Ya ɗaga kai ya ce, “La ilaha illallahu! Mi kika yi can? Sauko!”

Na ce, “To Baffa, sai an sakar mini igiya.”

Sai Inna ta dafe kafaɗa ta ce wayyo, ta riƙe. Matar da ta daka gero da safe lafiya lau! Baffa ya yar da sanda ya karɓe igiyar, ya sake naɗa ta jikin kututture. Na jingina baya, na saki hannuwana duka biyu yana kallo. Hamma, ko ƙwai aka ba shi iyakar lallaɓawar da zai yi ke nan. Da na taka ƙasa ma bai saki igiyar ba, sai tausayinsa ya kama ni. 

Washegari ya ɗauki gatari, ni kuma na ɗauki majanyi na ce in ya hau wannan gawon, zan hau wancan, Inna ta riƙe mini. Ya dubi kafaɗar Inna, ya dube ni. Sannan ya miƙo mini gatarin.

Taka,
Salima

Birnin Tsaba, Lahadi

Salima ke rubutawa, Baffa ke faɗa.

Ina gaishe ka. Shanu sun ƙoshi. Igiyar taka ta fara cinyewa wajen reshe, ka aiko da wata wadda ta fi ta kauri, kar ka duba tsada. Ban hau ba kuma, don ba ni ba kowa riƙon ɗiyata.

Allah shi yi maka albarka.
Sodangi