Ofishin Yaya ko Firjin Allurai?

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni ce mai kula da intanet mara waya a wani kamfanin ajiyar magunguna. Mai kamfanin yayan mijina ne, shi ya ɗauke ni aikin. Tun asali ofishinsa ake fara ƙosarwa, sauran su sami ragowa. Bana muka sa manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke raba intanet ɗin da kanta, ita kuwa ba ta san wani oga ba. Da ta lura na'urorin auna sanyin firjin allurai suna yawan katsewa, sai ta sa su gaba, ta mai da ofishin Yaya, wato mai kamfanin, baya.

Jiya yana tsakiyar taron bidiyo da manyan abokan hulɗa, hotonsa ya daskare baki buɗe. Ya fito ya wanke ni tas gaban ma'aikata, wai in mai da tsarin da kafin Litinin ko in ajiye makulli. Anti, in na mayar, firji zai iya ɗumama ba ƙararrawar da ta buga, a yi wa 'ya'yan mutane lalatacciyar allura. In na ƙi, ga aiki ga zumunci. Mijina kuwa bakinsa ɗaya, in yi haƙuri, Yaya ne. Tsoro nake ji.

Mai riƙe da makulli

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Yayanku ba mugu ba ne, kunya ya sha gaban mutane. Ke ma ya kamata ki sanar da shi tun ranar da manhajar ta sauya layi, don na'ura ba ta san gaisuwa ba, wannan aikinki ne.

Ki same shi shi kaɗai, ki fara da ban haƙuri; durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki nuna masa yadda na'urorin firji suke katsewa a da. Sannan ki ja wa kwamfutarsa waya har tebur, ya daina rabo da kowa. Ki bar mijinki a gefe tukuna.

Amma firji kada ki taɓa shi, ko da makullin zai bar hannunki. Ki tuna masa cewa in allura ta cutar da yaro, ba manhaja za a nema ba, shi za a nema. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya tsare miki aikinki.