Sakatare a Baƙin Littafi

Zuwa ga Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da jikokina. Ni lafiyata lau in ban da gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida.

Kada ki yi mamakin ganin ambulan da kan sarki. Imel uku na turo miki kika ce ba ki gani ba, na ɗauka rainin 'ya'yan zamani ne, ashe alhakinki na ɗauka. Ranar Asabar na kira taron ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan gidan waya, kamar yadda na saba shekara goma sha ɗaya da nake sakatare. Mutum ɗari biyu da arba'in na tura wa sanarwa, na jera kujeru da hannuna. Huɗu suka zo, ɗayan ma ruwan sama ne ya koro shi. Shugabanmu Mai Hatimi, kin san shi da baƙar magana, ya dubi kujerun ya ce, "Sakatare, shekara talatin kana kai wasiƙar mutane, taka ce ta gagare ka?" Ya ba ni zuwa babban taron ƙarshen wata. In kujeru suka sake kwana haka, ƙanensa zai miƙa wa alƙalamin. Ba zan ɓoye miki ba, wannan aikin ne yake fitar da ni daga gida.

Na rungumi kwamfutar na sauka wurin mai gyara ta ƙasan benenmu, waccan mai ɗora tabarau a goshi. Ta duba ta duba, sai ta tuntsire da dariya. Wai sunana ya shiga baƙin littafi. Ashe akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, tara sunayen masu cika wa mutane akwati da saƙon damfara da tallan maganin sanƙo. Duk wanda suka rubuta, saƙonsa kwandon shara yake zarcewa. Ni, Mamana, da ban taɓa leƙa ambulan ɗin wani ba ko da ta zo a yage.

Ki duba kwandon shararki na imel, za ki tarar da ubanki a ciki. Ki fito da shi don Allah.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ni ne,
Babanki.

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, kuma na ga kin rubuta "Allah sarki Baba" a wurin da na tabbata dariya kike yi.

Na rubuta wa masu littafin takardar koke shafi huɗu. Na gaishe su, na gaishe da iyalansu, na ambaci lambar yabon da aka ba ni ranar ritaya. Kafin in ɗaga kofin shayi amsa ta iso. Na ce ka ga mutanen kirki. Ashe na'ura ce, har da gargaɗin kada a amsa mata. Ni kuwa ba a yi min wasiƙa in yi shiru, sai na amsa. Ta sake turo wancan, na sake amsawa. Sau bakwai muka yi haka da ita kafin mai gyara ta zo ta raba mu.

Ta zaunar da ni kamar ɗalibi ta lissafo laifuffukana. Na farko kan saƙo. Da muka sa wani a kwamiti na rubuta masa da manyan baƙaƙe, ALBISHIR, KAI AKA ZAƁA, BUƊE DA GAGGAWA. Ta ce, "Baba, ko ɗan damfarar gaske zai ji kunyar rubuta wannan." Na biyu, dokar gidan waya. A wurinmu wasiƙa ba ta komawa sai an je ƙofa sau uku. To duk imel ɗin da ya dawo min, sau uku nake sake tura shi, kuma in tura wa maƙwabcin mutumin ya isar masa. Ta ce shekara nawa ina haka? Da na faɗa mata sai ta sauke tabarau daga goshi ta sa a ido, ta ƙare min kallo. Garin neman gira na rasa ido ke nan.

Na ukun shi ne babba. Cikin jerin waɗanda nake tura wa sanarwa, adireshi sittin da ɗaya na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne. Ta ce adireshin da aka daɗe ba a buɗe ba, mayar da shi tarko ake yi. Wanda ya ci gaba da turawa can, an gane bai san wa yake rubuta wa ba. Sharaɗin fita daga littafin shi ne in goge su duka, in cika fom in tabbatar na goge. Saura kwana tara taro.

Ki sa ni a addu'a. Ni ne,
Babanki.

Zuwa ga Mamana,

Bayan gaisuwa, ina fatan wannan ta same ku lafiya.

An yi taro jiya, har sai da aka aro kujeru daga shagon tela. Mai Hatimi sai ya ce sanarwar sau ɗaya kacal ta zo masa, ko na fara kasala ne? Alƙalami dai yana hannuna.

Amma bari in gaya miki yadda aka yi. Sittin ɗin a zama ɗaya na goge su, ina kiran sunan kowa ina yi masa addu'a. Na ƙarshen na bar shi, na cika fom na ce na gama. Karo na farko ke nan da na yi ƙarya a takarda, kuma kwana biyu na'urar ta kama ni, ta mayar da ni littafin. Mai gyara ta duba jerin, ta ga sunan da ya rage, ba ta yi dariya ba wannan karon.

Adireshin mahaifiyarki ne. Kin san duk sanarwar da zan fitar, ita nake fara tura wa ta duba min kuskure, tana ɗaki ina falo. Shekara huɗu da rasuwarta ban fasa ba. Kowane wata ita ce ta farko, da layi ɗaya a sama: ki duba min. Suna cewa ban san wa nake rubuta wa ba. Wallahi na sani, kuma ina kewarta.

Hannuna ya ƙi dannawa. Mai gyara ta ce ta danna min? Na ce a'a, wasiƙar da na ɗauko ni nake sauke ta. Ta juya baya tana gyaran abin da bai lalace ba, na goge. Kwana uku bayan haka masu littafin suka wanke ni.

A gidan waya muna da aljihun tebur na wasiƙun da aka rasa mai su, kuma doka ta hana a zubar. Na kwashe tarkacen aljihun teburina na buɗe irinsa. Sanarwar wata mai zuwa tana ciki, da sunan mahaifiyarki a bayan ambulan, har da kan sarki.

Ta kwamfutar kuwa ke zan fara turo wa daga yau. Ki duba min.

Ki shafa min kan jikokina. Ni ne naki,
Babanki.