Ruwan da Bello ya Kawo

Daren Talata, Taloka

Ƙanena Bello ya dawo daga karatunai na ƙasar waje, gidanmu ya cika maƙil. Ni da nib baro gonar albasa da laka har gwiwa, ba wanda yac ce mani sannu.

Ƙanen nawa ya hiddo waya shina nuna wani tabki da sunka ziyarta can cikin duwatsu. Wai ƙanƙara ta ad daskare bisa duwatsun tun kaka da kakanni, tana narkewa tana zuba ciki, rani da damina bai ƙahewa. Ruwan shuɗi kamar an jiƙa baba, har duwatsun ƙasa kana gani. Yac ce ya sa hannu, sanyi ya kusa cire mai yatsu. Na kalla, na sake kallo, ina tuna yadda madatsar Goronyo taj ja baya bana.

Sai ga shi da gorar ruwan tabkin, tsarabar Inna. Ta karɓa hannu biyu kamar zamzam, tana ɗiga ma tsohi cikin murhin gorar. "Allah shi yi ma albarka, ɗan nan!"

Da anka watse nic ce, "Inna, san mani."

"Mi za ka yi da shi? Kurɓi kaɗan."

Na kurɓa. Ruwa na, ya ma yi ɗumi, randarmu ta hi shi sanyi. Randar da nike cikawa kullum da sahe, ban taɓa jin an sa ma kowa albarka a kanta ba.