Albasa a Gidan Rawar Hajiya

Tama, daren Laraba, watan Maris

Yau na raka kawu Illa zuwa Madawa da albasarmu. Sai da kamiyo, motar kaya, ya sauke mu ƙofar magaza, inda aka ajiyar albasa, nig gane wurin. Gidan rawar Hajiya Tsahara ne, inda na yi shekaru ina rawa kahin korona ta sa a ruhe shi, in komo gida ban-ruwan garka.

Buhuna sun cika hilin har rufi, amma babban madubin nan yana nan jikin bango. Na tsaya gabanshi, sai na ji kamar kalangu na tashi can nesa, fitilu ja da kore suna yawo bisa zanena. Warin albasa ne ya maido ni.

Hajiya ta hito, ta rame. Ta kama hannuna tac ce, "Rabi, in albasa ta ƙare zan buɗe. Makaɗa sun watse, 'yan matan duk sun yi aure, ke ɗai kir rage. Za ki dawo?"

Kawu na tsaye kusa, shi da nac ce ma abinci nike saidawa a birni. Na zare hannuna na koma wurin buhuna.

Bisa hanyar komowa, sai da munka hango garkunan Tama yay yi magana. Yac ce, "Kakarki ma ta taka rawa gaban goge, ba wadda ta kai ta. In an buɗe ki gaya mini da bakinki, ɗiyata, kada in ji ga mutane."

Na kwanta tun ɗazu, ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya.