Ranar Asabar Zan Shiga Ruwa

Inna,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafarki, ya su Luba? Mu lafiya lau, sai dai flat ɗin yakan yi shiru.

Ban manta ranar da ruwan Tiga ya ci Yaya Nuruddeen ba, kika hana mu kusantar ko kududdufi. Amma a hutun summer jikarki Ameera ta shiga ƙungiyar ninƙayar yara a nan unguwarmu ta Lewisham. Makon farko bangon gefen ruwan take ƙanƙamewa, a na uku ta haye ruwan har ƙarshe. Littafin soyayyar da nake zuwa da shi in na raka ta, har yau ban wuce shafin farko ba. Jiya ta ɗago kai ta ce, "Mama, come in." Na kasa.

Ki yafe min, Inna. Na yi booking ajin koyon ninƙaya na mata, ranar Asabar zan shiga.

'Yarki,
Rumasa'u