Usur ɗin Malama Felicia

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ni Felicia, matar marigayi Nehemiya, malamar wasanni kuma mai horar da 'yan ƙwallon ƙafa a kwalejin 'yan mata ta nan Gumel, nake rubuta wannan da hannuna a watan Nuwamba na shekarar 1999. Hankalina garau yake, ba wanda ya matsa mini, ba kuma zafin ciwo ne yake magana ba. Likitan Kano ya faɗa mini gaskiyar abin da ke cikina, na kuwa gode masa. 'Ya'yana, Jeremiah da Joyce da Angela, ku zauna wuri ɗaya ku karanta, kada kowa ya karanta shi kaɗai. Ina rubutu ne da farin ciki, domin na ga abin da na shuka ya yi 'ya'ya tun ina da ido.

Na ɗaya. A binne ni a Gumel, kusa da babanku. 'Yan'uwana za su zo daga Pankshin su ce a mayar da ni gida. Ku karɓe su da girmamawa, ku ba su ruwa da abinci, sannan ku nuna musu wannan takarda. Na shigo garin nan da akwatin ƙarfe ɗaya, ina bin mijina da aiki ya kawo, ban san kowa ba. Yau ko kasuwa na shiga sai na ji ana cewa ga Iyar 'yan ƙwallo. Inda mutum ya yi aikinsa, nan ne gidansa.

Ku san yadda abin ya faro, don ku iya gaya wa 'ya'yanku. A shekarar da aka ba mu jihar Jigawa, wata rana da la'asar na zagaya bayan ɗakin kwanan ɗalibai, na tarar da 'yan mata sun ɗaure tsummoki suna bugawa da ƙafa. Da suka gan ni sai suka watse. Na kira su na ce a dawo, na tuɓe takalmina na shiga, don ni ma da yayyena maza na koyi tamaula a kan duwatsun garinmu. Washegari na je wurin shugabar kwaleji, Hajiya Sabuwa. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita ba ta hana ba, amma sai na kawo mata yardar uban kowace yarinya daga bakinsa.

Haka na hau babur ɗin babanku na shiga rairayi. Na je Gagarawa Tasha, na je Maigatari, na je ƙauyukan Sule Tankarkar. Na durƙusa a zaurukan da ban taɓa shiga ba. Na tafi da kayan da Ɗantsoho tela ya ɗinka mana, dogon wando da riga har gwiwa mai dogon hannu da ɗankwali, ina shimfiɗawa a gaban iyaye su gani da idonsu. Na yi musu alkawari cewa ba za a buga ƙwallo lokacin salla ba, kuma duk wadda ta faɗi jarrabawa ta bar fili. Ban karya ko ɗaya ba.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Malam Siddiq na Sule Tankarkar, kawun ɗalibata Naja'atu, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Ya ce mini, “Malama, na kai yarinya ta koyi alli, ke kuma kin zo mini da zancen guje-guje?” Na yi ta komawa har damina ta wuce. A ƙarshe ya ce ya ba ni aronta, ranar da ya ji abin kunya zai zo da kansa ya ɗauke ta.

Wasanmu na farko a Kano aka yi, aka zuba mana bakwai ba ko ɗaya. A mota yaran suka yi ta kuka. Na bar su suka yi mai isarsu, sannan na ce kowa ta kwana da shirin gudu gobe. 'Yan Kano suna da ciyawa da takalma, mu kuma muna da rairayi, kuma wadda ta saba gudu a rairayin Gumel ba ta gajiya a kan ciyawa. Bayan sallar asuba muke fita hanyar Gagarawa, ina bayansu a kan babur. Da azumi mu sassauta, Juma'a da Lahadi mu huta.

Na biyu. Kofunan nan biyu da ke kan kabad ɗin falo ba nawa ba ne. Na kwalejin ne, amana aka bar mini. Ku goge su ku kai wa Hajiya Sabuwa, a ajiye inda sababbin ɗalibai za su riƙa gani. Ƙaramin shi ne na jiha, wanda muka ci a Dutse a 1994. Babban shi ne na Kaduna, 1996, inda muka haɗu da kwalejojin jihohin arewa. Har aka tashi wasan ƙarshe ba wanda ya ci wani, aka koma bugun fanareti. Rahamatu, 'yar manomi daga Gagarawa, wadda ta zo mana ba ta taɓa sa takalmin ƙwallo ba, ita ce a raga. Ta tare biyu. Da ta kama ta ƙarshe sai ta rungume ta ta ƙi saki, har alƙalin wasa ya zo yana roƙonta. Angela, kina ƙarama amma kin tuna dawowarmu: 'yan acaɓa sun tare mu tun daga bakin gari suna ta busa ham, mata suna leƙowa ta katanga suna guɗa, mai shayin tasha ya rantse ba za mu biya ba. Lambar da aka rataya mini ran nan taki ce.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi. Joyce, da ke nake. Ranar wasan ƙarshe a Dutse na ajiye ki a benci na sa Naja'atu, ta kuwa sa kai ta ci mana ƙwallon da ta ba mu kofi. Tun daga ranar ba ki ƙara yi mata gaisuwar kirki ba, ko bikinta ba ki je ba. Ki ji daga bakina: 'yan bayan waccan ƙungiya dogaye ne, Naja'atu ta fi ki tsalle, shi ke nan dalili. Da za a maimaita wasan, haka zan sake yi. A gida ke 'yata ce, a fili kuma duk ɗaya kuke a wurina, da na fifita ki da ba uban da zai sake ba ni 'yarsa. Amma ki sani ƙwallaye biyun da kika ci 'yan Hadeja a wasan kusa da ƙarshe su suka kai mu Dutse, kuma ban taɓa alfahari da ɗan Adam kamar yadda na yi da ke ran nan ba. Naja'atu ba ta yi miki laifi ba, ni na zaɓa. Ki je gidanta kafin a yi zaman makokina, ki ci abincinta. Ba na son ku tsaya a bakin kabarina kuna kallon gefe.

Na huɗu. Usur ɗina da agogon wasa da buhun ƙwallaye a ba Naja'atu. Yanzu tana koyarwa a kwalejin, na kuma roƙi Hajiya Sabuwa ta damƙa mata ƙungiyar. Ta san halin kowace yarinya, ta san wadda ake yi wa tsawa da wadda ake lallashi. Joyce, babur ɗin babanku naki ne. Na ji kin tara 'yan mata a firamaren da kike koyarwa a Maigatari. Ki hau shi ki je wurin iyayensu, ki durƙusa kamar yadda na durƙusa. Waɗanda kika raina ki tura wa Naja'atu in sun girma.

Maganar Maigatari ta tuna mini ranar da na fi so a duk aikina, ko da yake ba kofi a cikinta. 'Yan mata suka tsallako daga Magarya ta ƙasar Nijar don wasan sada zumunci, su suna ce wa ƙwallo balo. Ranar kasuwa ce, direbobi suka hau kan manyan motocinsu suna kallo, masu raƙuma suka tsaya. Muka ci uku da ɗaya, biyu daga ƙafar Naja'atu. Ana tashi sai na hango Malam Siddiq da sandarsa yana ratso mutane. Na ce a raina yau ya zo karɓar aronsa. Ya tsaya a gabana ya ce, “Malama, na zo in ga abin kunya, ban gani ba. In akwai wuri, tana da ƙanwa.” Ƙanwar ita ce Asama'u, kyaftin ɗinmu ta bana. Duk Kirsimeti sai ya aiko mini da zabi. Ku ci gaba da gaishe shi da salla, ku kira shi Kawu kamar yadda kuka saba.

Na biyar. Gidan nan na ku uku ne, kada a sayar. Angela za ta zauna a ciki har ta gama karatu, ɗakina kuma a bar shi don duk tsohuwar ɗalibata da dare ya yi mata a Gumel. Gonar Gagarawa tana hannun Jeremiah. Malam Sajo da yake noma ta tun zamanin babanku ya ci gaba, a raba amfani yadda aka saba. In an girbe gero da wake, a fitar da na 'yan ƙwallo, domin mai jin yunwa ba ta iya gudu. Zannuwana ku raba tsakaninku ku biyu mata, na ɗinkin ƙungiyar matan coci a mayar musu.

Jeremiah, kai ne babba. Kana da zuciyar babanka, mai saurin hawa da saurin sauka. Ka riƙa sauraron ƙannenka kafin ka yanke magana. Lokacin da samarin unguwa suke yi maka dariya wai uwarka tana gudu da wando, ka sha faɗa saboda ni, ba ka taɓa cewa in bari ba. Na sani, na kuma gode.

Ban tara dukiya ba, amma ku zagaya makarantun ƙasar Gumel ku gani. Da wuya ku shiga wadda ba 'yata a ciki tana riƙe da alli. Waɗanda aka ce ƙwallo za ta lalata, ga su nan da aurensu da 'ya'yansu da albashinsu, suna tafiya kai a miƙe. Musulmi da Kirista sun sha ruwa a moɗa ɗaya a filina, ban taɓa raba faɗan addini ba ko sau ɗaya.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya kiyaye ku, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana da ƙafafu masu ƙarfi. Ku riƙe juna. Wanda ya samu ya tuna da wanda bai samu ba, wanda aka ɓata wa ya faɗa tun rana ba ta faɗi ba. Kowace Kirsimeti ku hallara a gidan nan, ko da shinkafa ba nama.

Yaran suna da wasa da 'yan Kazaure a watan Janairu. Ko ina nan ko ba na nan, kada a ɗage shi. Ku je ku uku, ku zauna a benci ɗaya, ku ɗaga murya yadda za su ji ku.

Mamarku,
Felicia Nehemiya